Tambaya da Amsa: Motata tana fizga idan na taka totur, amma a tsaye lafiya lau take

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota mai ƙofa biyu irin ta gudu, injinta mai silinda shida ne a jere kuma yana da turbo, giyarta ta hannu ce, ta kuma yi tafiyar kilomita 96,000. Kimanin mako uku ke nan da ta ɓullo da wani hali da ya dame ni. Da safe tana tashi nan take, silonta, wato yadda inji ke aiki a tsaye ba a taka totur ba, daidai yake, kuma idan ina tafiya a hankali ba na jin komai. Amma da zarar ina giya ta huɗu ko ta biyar na taka totur sosai domin in wuce wata mota, ko kuma ina hawan tudu, sai ta fara fizga tana karkarwa, ƙarfinta ya ragu, fitilar inji ta riƙa ƙyaftawa. Ina ɗaga ƙafa sai komai ya lafa. Na kai ta gareji aka sa ta a kwamfuta, aka ga P0300 da P0304, bakaniken ya goge su ya ce in je in gani. Daga baya wani ya ce famfon mai ne, wani ya ce mazaunin inji ne, wani kuma ya ce a wanke nozil masu fesa wa inji fetur. Tun da na saye ta tana da kilomita 58,000 ban taɓa canza fulogi ba. Daga ina zan fara, kuma zan iya ci gaba da hawanta kafin a gano matsalar?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da ka tsaya ka bayyana lokacin da motar ke wannan hali da lokacin da ba ta yi, domin a binciken inji wannan bayanin ya kai rabin aiki. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, saboda ita ce ba ta jira.

Fitilar inji magana iri biyu take yi. Idan ta kama ta tsaya cak, kwamfutar motar tana sanar da kai cewa ta ga wani abu ya kauce, ka nemi lokaci a duba. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, ma'anarta ita ce a daidai wannan lokacin akwai silindar da ba ta ƙone man da aka ba ta, kuma abin ya yi yawan da zai iya lalata katalis, wato tukunyar da ke kan hanyar salansa mai tace hayaki. Ɗanyen fetur ɗin da bai kama a silinda ba yana bin hayaki ya isa katalis, ya tarar da zafin da ya haura digiri 400 a ma'aunin Salsiyas, sai ya kama wuta a can. Cikin katalis kamar saƙar zuma yake, tangaran ne mai siraran ramuka, kuma idan zafi ya wuce kima narkewa yake yi ya toshe hanyar hayaki. Bayan haka, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya sulale ta gefen ringi ya tsinka man injin gaba ɗaya. Saboda haka kana iya lallaɓa ta zuwa gareji muddin fitilar ba ta ƙyaftawa, amma ka daina irin takun da ke tayar da ciwon, sai dai a ɗan gajeren gwajin da zan bayyana a gaba.

Abin da motarka ke yi shi ne kanikawa ke kira misin. Kowace silinda tana buƙatar abu uku a lokaci guda kafin ta ba da ƙarfi: gaurayen iska da fetur daidai gwargwado, matsin da fistan ke yi musu, da tartsatsin fulogi a kan kari. Idan ɗaya ya gaza, silindar ta wuce zagayenta ba ta tura fistan ba, sauran biyar ɗin su ja ta, kai kuma ka ji abin a jikinka a matsayin fizga. Kwamfutar motar ba ta ganin cikin silinda. Tana da sensa da ke auna saurin juyawar kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, kuma duk sanda silinda ta kama wuta kiranshaf yakan ɗan ƙara sauri na ƙiftawar ido. Idan lokacin silinda ta huɗu ya zo wannan ƙarin saurin bai samu ba, kuma hakan ya maimaitu, sai ta rubuta P0304. Lambar ƙarshe ita ce lambar silinda, P0301 ta farko, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Ita kuwa P0300 tana nufin an ga misin a silinda fiye da ɗaya ko kuma ba a tsaya a wuri guda ba, kuma sau da yawa tana rako lambar silinda ɗaya ne kawai idan girgizar ta yi ƙarfi. Wannan tsarin lambobi na OBD-II ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta wajabta irinsa ga motocin fetur a 2001, shi ya sa ma'anar P0304 ɗaya ce a kowace irin mota.

Ban ji daɗin goge lambobin da aka yi ba tare da an karanta abin da ke bayansu ba. A lokacin da kwamfuta ke rubuta lamba, tana kuma ajiye hoton halin da inji ke ciki a wannan daƙiƙar: yawan zagayensa a minti, zafin ruwansa, nauyin da ke kansa, gudun motar, da gyaran da take yi wa ma'aunin mai. Wanda ya goge lamba ya goge wannan shaida tare da ita. In aka sake sa motar a kwamfuta, ka nemi a buɗe wannan shafi ka ɗauki hotonsa da wayarka kafin a taɓa komai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato dalilin da ya sa motar ke lafiya a silo amma ta gaza idan ka matsa mata. Tartsatsin fulogi wutar lantarki ce da ke tsallaka tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu a bakinsa, kuma iskar da ke cikin wannan tazara tana hana ta wucewa. Gwargwadon cunkushewar iskar, gwargwadon ƙarfin wutar da ake buƙata kafin ta keta. A silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da ke shiga silinda kaɗan ce, don haka volt dubu goma ko ƙasa da haka yana iya isa. Idan ka taka totur har ƙasa kuma turbo, mai cusa wa inji ƙarin iska, ya cika, iskar da ke shiga silinda tana iya ninka ta silo sau biyar ko shida, kuma a nan buƙatar tana iya haura volt dubu 25 ko dubu 30. Koyil shi ne ke ba fulogi wannan wuta, kuma mai lafiya yana da rarar da za ta kai shi wajen dubu 40. Wanda ya fara gajiya kuwa yana iya biyan buƙatar silo har tsawon watanni, amma ranar da aka nemi dubu 30 a wurinsa sai ya gaza. Tsohon fulogi yana ƙara dagula lissafin, domin kowane tartsatsi yana cin ɗan ƙarfen bakinsa, tazarar tana faɗaɗa, buƙatar volt tana hawa. Ka tuna cewa a zagaye 6,000 a minti kowane fulogi yana tartsatsi sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuma wutar lantarki hanya mafi sauƙi take bi, saboda haka idan tsallaka tazarar ya yi mata wuya kuma akwai tsaga a robar koyil ko datti a jikin farin tangaran ɗin fulogi, sai ta bi ta can ta sauka a jikin inji, silindar ta kwana ba wuta.

Wannan ne ya sa bayaninka na giya ta huɗu da ta biyar ya ja hankalina. Babbar giya, zagaye kaɗan, totur a ƙasa: babu yanayin da ya fi wannan tsananta wa koyil da fulogi, domin a nan matsin silinda ke kai ƙololuwa. Matsalar ƙarancin mai takan fi bayyana a can sama, inda inji ke zagaye 5,000 ko 6,000 yana shan mai iya shansa. Idan na haɗa wannan da lambar da ta nuna silinda ɗaya tak, da kuma fulogin da ya yi aƙalla kilomita 38,000 a hannunka ban da abin da ya yi a hannun mai motar na farko, zatona mafi ƙarfi yana kan fulogi ko koyil na silinda ta huɗu. Fulogin iridiyam, wato mai bakin wani ƙarfe mai jure zafi, yana iya kai kilomita 100,000 a injin da ba shi da turbo, amma masu ƙera motocin gudu masu turbo sukan gindaya wa'adin da ya gaza haka sosai, kuma littafin motarka zai faɗa maka adadin.

Duk da haka zato bai isa a sayi kaya a kansa ba, kuma akwai gwajin da zai raba gardama ba tare da an sayi ko ƙusa ba. A bar injin ya huce. A cire koyil na silinda ta huɗu a musanya shi da na silinda ta biyu. A cire fulogin ta huɗu a musanya shi da na ta biyar. A inji mai silinda a jere ana fara ƙirga ne daga gaba, wajen bel, amma a tabbatar a littafin motar. Bayan an adana bayanan da na ambata, sai a goge lambobin, a fita kan hanya mai faɗi da ba cunkoso, wani na zaune a gefe riƙe da na'urar bincike, kai kuma idonka na kan titi. A sa giya ta huɗu a zagaye wajen 2,000, a taka totur na daƙiƙa biyu ko uku, da an ji fizgar a ɗaga ƙafa. Idan lambar ta koma P0302, ciwon ya bi koyil. Idan ta koma P0305, ya bi fulogi. Idan ta tsaya a P0304, to su biyun sun fita daga zargi, abin da ya rage shi ne nozil ɗin wannan silinda, ko wayar da ke kawo wa koyil wuta da umarni, ko kuma matsin silindar kanta. Fita ɗaya ta amsa tambaya uku. Na'urori da yawa ma suna nuna ƙidayar misin na kowace silinda kai tsaye, ta yadda ba sai an jira fitila ta kama ba.

Tun da an buɗe wurin, a dubi abin da aka ciro da idon basira. Idan akwai baƙin mai kwance a ramin da fulogi ke zama, gaskit ɗin murfin bawul ne ke yoyo, kuma man yana cin robar koyil har ta kumbura ta fara zubar da wuta. In aka sa sabon koyil ba a gyara yoyon ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Idan aka ga siririn baƙin layi kamar zanen fensir ya sauko a jikin farin tangaran, wannan sawun wutar da ke gudu ne ta waje, kuma irin wannan sawun yana nan a cikin robar koyil ɗin ma, don haka tare ake canza su, in ba haka ba tsohuwar robar za ta zana wa sabon fulogi hanyar da ta saba. Bakin fulogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka. Baƙi busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, baƙi mai maiƙo yana nuna man inji na shiga silinda, fari fat mai alamar ƙuna yana nuna zafi da ƙarancin mai. Wanda kuwa ya fito tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, a yi zargin ruwan lagireto na shiga wannan silinda. A jera su shida bisa tsarin silindarsu a kwatanta, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi launin kowane ɗaya faɗar gaskiya. A kuma auna tazarar da ma'auninta. Injinan turbo sukan so tazara matsattsiya, sau da yawa tsakanin milimita 0.6 da 0.8, kuma ƙarin kashi biyu cikin goma na milimita, wanda ido ba zai gani ba, ya isa ya haifar da abin da kake ji.

Ko da gwajin ya nuna koyil ne, ina ba ka shawarar ka canza fulogin duka shida, domin lokacinsu ya yi, kuma faɗin tazararsu na daga cikin abin da ke gajiyar da koyil. A sayi lambar da littafin mota ya ambata, saboda fulogi sun bambanta a tsawon zare da kuma saurin da suke sauke zafi daga bakinsu. Wanda ke riƙe zafi fiye da kima a injin turbo yana iya kunna mai kafin lokaci ya huda fistan. A yi hattara da jabu, domin ana kwaikwayon fulogin iridiyam sosai, kwali da tambari duk iri ɗaya, amma bakin ba ya jure zafi. A ɗaura su inji na sanye, a fara murzawa da hannu, a ƙarasa da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, saboda kan silinda na alminiyam ne kuma zarensa ba ya yafe ganganci. Game da koyil kuwa, ban ga laifi ba idan aka canza wanda ya mutu kaɗai, sai dai ka sani sauran sa'anninsa ne, aiki ɗaya suka yi a zafi ɗaya.

Sai batun famfon mai da aka ambata maka. Ban kore shi gaba ɗaya ba, amma famfo ɗaya ne ke ciyar da silinda shida, kuma idan ya gaza ba ya zaɓar ta huɗu ya bar sauran. Motocin gudu na zamani da yawa suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kuma irin waɗannan famfo biyu gare su: na cikin tanki mai turo mai da matsin 'yan bar kaɗan (bar ma'aunin matsi ne), da na jikin inji wanda kamshaf ke bugawa, mai ɗaga matsin zuwa bar 150 ko 200, a sababbi ma har 350. Hanyar gane lafiyarsu ita ce a kalli layi biyu a na'urar bincike yayin wannan gwajin na kan hanya, wato matsin da kwamfuta ke nema da matsin da ake samu. Idan suna tafiya tare, famfo ya kuɓuta. Idan na biyun ya faɗi ƙasa a daidai lokacin fizgar, musamman in aka ga P0087, lambar ƙarancin matsin mai, to a duba famfon tanki da matatar mai tukuna kafin a ɗora laifi a kan babban, domin babban ba ya iya matsa man da bai iso shi ba.

A wannan shafin na na'ura akwai wasu lambobi biyu masu amfani, gyaran mai na nan take da na dogon lokaci. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya a nauyi, kuma kwamfuta tana ƙara mai ko rage shi bisa abin da sensar salansa ta gaya mata domin ta riƙe wannan ma'auni. Gyaran da bai wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba ana ɗaukarsa daidai. Idan ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da an ba ta wuta, iska ce ke satar shiga ta wata tsaga bayan ƙofar totur, kuma wannan ba ciwonka ba ne tunda silonka lafiya yake. Idan kuwa daidai yake a silo amma yana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, ko dai mai ba ya isowa, ko kuma sensar da ke auna iskar shiga ta yi datti tana faɗin ƙasa da gaskiya. Lambar P0171, mai nuna mai ya yi kaɗan a gaurayen, takan biyo bayan irin wannan. A injin turbo akwai kuma akasin haka, inda tiyon da ke ɗauke da matsattsiyar iska ya tsage ko ɗaurinsa ya saki, iskar da aka riga aka auna ta tsere, mai ya yi yawa, ka ji huci a ƙarƙashin bonet tare da baƙin hayaki, wani lokaci da P0299, lambar ƙarancin matsin turbo.

Idan misin ya ƙi barin silinda ta huɗu, a nan ne maganar nozil ke da gurbi. Nozil da ya fara toshewa yana iya ba da ɗan man da silo ke buƙata amma ya kasa ba da na cikakken ƙarfi. Ana iya musanya shi da na wata silinda kamar yadda aka yi wa koyil, sai dai a injin da ke fesa mai kai tsaye wannan aikin gwani ne: dole a sauke matsin man kafin a kwance komai domin yana iya huda fata, dole a sa sabon zoben bakin nozil duk sanda aka cire shi, kuma a wasu motocin sai an shigar wa kwamfuta lambar kowane nozil a gurbinsa. Irin waɗannan injina suna da wata larura ta daban da ya kamata ka sani a kilomita 96,000. Tunda fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, tururin man inji yana daskarewa a can ya zama baƙin kabon mai kauri da ke rage hanyar iska. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin. Ana cire bututun shigar iska ne a leƙa, in ya taru a kankare shi da feshin garin ɓawon walnut, wani ɗan itace mai taurin ɓawo. Amma wannan ciwon ya fi nuna kansa da safe inji na sanye, abin da ba ka ambata ba.

Kafin a kashe kuɗi a kan nozil, a auna matsin silinda duka shida, domin gwajin ba ya cin lokaci. Abin dubawa shi ne kusancinsu da juna, kuma silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da magana. Daga nan sai a hura mata iska fistan na sama bawul na rufe, a saurari inda take fita: ta salansa bawul ɗin fitar hayaki ne, ta ƙofar totur bawul ɗin shigar iska ne, ta murfin zuba baƙin mai ringi ne, kumfa a ruwan lagireto kuma gaskit ɗin kan silinda ne. Ina sa ran ba za ka kai nan ba, saboda silindar da matsinta ya zube takan fi rawa a silo.

Shi kuwa mazaunin inji, ba ya rubuta P0304 kuma ba ya sa fitila ƙyaftawa. Yana iya yiwuwa ya gaji har yana ƙara maka jin girgizar, amma a ajiye batunsa sai misin ya tafi.

Abu biyu zan ƙara da suka shafi yadda ake riƙe irin wannan mota. Na farko, a ba ta fetur mai lambar oktan da aka rubuta a murfin tankinta, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi. Wanda ya gaza haka yana fashewa da kansa a ƙarƙashin matsi, sensar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta ji, kwamfuta ta jinkirta tartsatsi ta rage turbo, kai kuma ka ji ƙarfi na zuwa yana komawa. Idan matsalar ta fara ne jim kaɗan bayan shan mai, ka faɗa wa bakaniken. Na biyu, ko bayan an gyara, ka rage ɗabi'ar taka totur har ƙasa a babbar giya inji na ƙasa da zagaye 2,000. Injinan turbo masu fesa mai kai tsaye suna da haɗarin kamawar mai kafin tartsatsi a daidai wannan yanayi, abin da kan fasa ringi ko fistan, kuma saboda shi ne aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Idan za ka wuce mota, ka sauko giya ɗaya ko biyu tukuna. Kuma in har an taɓa sauya wa kwamfutar motar tsari domin ƙarin ƙarfi, kai ko mai ita na farko, to a sanar da mai gyara tun farko, saboda ƙarin matsin turbo yakan buƙaci a rage tazarar fulogi kuma a riƙa canza shi da wuri.

TAMBAYA

Malam, tawa motar ma tana rawa idan na ba ta wuta, amma fitilar inji ba ta taɓa kamawa ba, kuma an sa ta a kwamfuta ba a ga komai ba. Giyarta otomatik ce, tayoyin baya ne ke ja. Rawar takan zo ne tsakanin gudun kilomita 60 da 80, ina jin ta a kujera fiye da sitiyari. An canza fulogi duka amma ba ta daina ba.

Daga wata mai karatu

AMSA

Malama, rashin lamba bai wanke inji ɗari bisa ɗari ba, domin misin kaɗan yana iya faruwa bai kai adadin da kwamfuta ke rubutawa ba, saboda haka a fara duba ƙidayar misin na kowace silinda ana cikin tafiya. Idan sifili ce a lokacin da kike jin rawar, sai a bar inji a koma kan abin da ke kai ƙarfinsa ga taya.

Ki lura da abin da rawar ke bi. Ki kai gudun da take zuwa, sannan ki sauko giya da hannu ta yadda zagayen inji zai hau amma gudun motar bai canza ba. Idan rawar ta tsaya yadda take, gudun mota take bi, kuma tunda a kujera kike jin ta, hankalina ya fi karkata ga farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya, da robar da ke riƙe tsakiyarta, da mahaɗan da ke bakinta, ko kuma shaf ɗin tayoyin baya. Waɗannan sukan yi rawa idan ƙarfi na kansu, su yi shiru da an ɗaga ƙafa. Tayar da ba a daidaita nauyinta ba kuwa ba ruwanta da totur, ko kin taka ko kin saki tana nan a gudu ɗaya.

Idan rawar ta ɓace da kika sauko giya, akwai wani abin zargi da ya dace da gudun da kika faɗa. Yawancin giyar otomatik suna da tukunyar mai tsakanin inji da giya, a cikinta kuma akwai kuloci da ke kamawa idan mota ta daidaita a tafiya domin a rage shan mai. Idan man giya ya tsufa, wannan kulocin yakan riƙa kamawa yana saki da sauri, sai a ji kamar an hau titi mai ƙananan kunyoyi na daƙiƙa biyu ko uku, galibi da ɗan taku mai sauƙi ko a ƙaramin tudu. Na'urar bincike tana nuna bambancin zagayen inji da na giya a wannan lokaci, kuma idan lambar tana tsalle tare da rawar, an kama shi. Sau da yawa canza man giya da ainihin irin wanda aka rubuta wa motar yana kawar da shi idan ba a bari ya daɗe ba.

Mazaunin inji da na giya ana duba su ne mota na tsaye a fili, ba kowa a gabanta ko bayanta, birkin hannu a ɗaure, ƙafar hagu a kan birki, a sa giya a ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya yayin da wani ke kallon injin daga gefe. Idan ya ɗaga sosai ta ɓangare ɗaya ko aka ji ya buga, ko aka ga mai ya tsiyaye daga jikin robar, to mazaunin ya mutu. Ki nemi a yi waɗannan gwaje-gwaje kina cikin motar tare da bakaniken, domin ke kika san ainihin gudun da takun da ke kawo rawar.